Gawayi ko gas: wanne ya fi dacewa da girkin waje a hutun yara?

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce zafi ya kankama, yara sun samu dogon hutu, kicin ba ya shiguwa da rana, kina so ki fitar da girki waje ki riƙa gasa musu nama da kifi da yamma. Kuɗin abu ɗaya ne a hannunki, ko abin gashi na gawayi ko na gas, kuma autarki shekararta uku. Na daɗe ina aiki da duka biyun, kuma har gobe zuciyata tana wajen gawayi. Amma ke, gas zan ce ki saya.

Ta ɓangaren daɗi dai gawayi ne a gaba, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai ƙamshin da ake yabo ba daga jikin gawayin yake fitowa ba, domin an riga an ƙone kusan duk abin da ke ba itace ƙamshi tun wajen yin sa. Kitse da ruwan nama ne ke ɗiga kan garwashi, ki ji cuu, hayaƙi ya taso ya lulluɓe naman. Na gas ma yana da faranta na ƙarfe a saman wutar masu yin irin wannan aikin, amma ba su kai garwashi ba. Sannan zafin garwashi busasshe ne, shi kuwa gas idan yana ci yana fitar da tururin ruwa. Wannan jan da nama ke yi a baya, wanda wani masanin sinadarai ɗan Faransa mai suna Maillard ya yi bayaninsa a 1912, ba ya kankama sai bayan naman ya bushe zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Celsius. Shi ya sa ko a kan gas, idan kika tsane naman da kyau kafin ki ɗora, kika bar ragar ta yi zafi sosai, za ki cike rabin gibin. A abin da ba shi da maiƙo kuwa, kamar masara da kayan lambu, da wuya yara su gane bambanci.

Inda gas ya yi wa gawayi nisa shi ne lokaci. Gawayi yana son minti 20 zuwa 30 kafin ya ruru, farar toka ta rufe shi, kuma duk wanda ya yi gaggawar ɗora nama kafin nan zai ci ƙauri. Gas minti 10 ya ishe shi. Kina murɗawa wuta ta ƙaru, kina murɗawa ta ragu. A gawayi sai kin koyi tara garwashi gefe guda ki bar ɗaya gefen ba wuta, naman da ya fara ƙonewa ki janye shi can, sannan ki riƙa buɗe ƙofofin iska kina rufewa. Abu ne mai daɗin koyo, kuma murfi ne sirrinsa. Abin gashin nan mai murfi, mai kama da ƙwallo, da ake gani ko'ina, wani Ba'amurke ne, George Stephen, ya ƙirƙiro shi a 1952 a kamfanin Weber, don iska da yayyafi sun dame shi a kan buɗaɗɗen murhu. To amma ki duba abin da kika ce. Ba gashin ƙarshen mako kaɗai kike nema ba, gudun zafin kicin kike yi, kullum. Wanda zai hura gawayi sau biyar a mako, ga yara na kukan yunwa, kafin hutu ya raba zai gaji ya koma ciki. Da yawa daga cikin na gas kuma suna da kan wuta guda a gefe da za ki ɗora tukunya, miya na dahuwa nama na gasuwa.

Abin da ya fi sa ni ba ki wannan shawara shi ne autar nan. Gas kina kashewa wuta ta mutu, ƙarfen ya huce cikin ɗan lokaci. Garwashi ba ya mutuwa don kin gama da shi. Wata rana mun yi gashi da dare, na juye tokar a gindin katanga, a ganina ta mutu murus. Washegari da hantsi na hango ɗana, lokacin bai fi shekara huɗu ba, ya tsuguna yana tona ta da tsinke. Kafin in isa wurin ya tono wani ɗan garwashi ja jawur, ƙafarsa ba takalmi, tsakaninsa da shi bai kai taku ɗaya ba. Allah ya tsare, amma ranar jikina bai daina rawa ba sai azahar. Toka tana rufe wuta ta hana ta iska, sai ta yi ta ci a hankali. Shi ya sa ake cewa a bar ta awa 48 a cikin abin gashin a rufe, ko a jiƙa ta sharkaf, kafin a zuba a bokitin ƙarfe. Ƙasa ko yashin da aka ajiye kurfoti a kai ma yana riƙe zafi na awoyi bayan an ɗauke shi.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya. Hadari ya taso ana tsakiyar gashi, sai a ce a shigar da shi ɗaki ko garejin mota a ƙarasa. Kada ki yarda, ko da garwashin ya kusa mutuwa, ko da taga a buɗe take. Ciwon kai, jiri, barci, shi ke nan. Na gas ma ba a shigar da shi ɗaki. Haka kuma ba a watsa wa gawayin da ya kama kalanzir ko fetur, don wutar tana bin ruwan har hannun mai zubawa.

Kada ki ɗauka gas ba shi da nasa. Ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru a lungu. Warin da kike ji ma zuba masa aka yi da gangan don a gane yoyo. Duk lokacin da aka sauya tukunyar gas, ki shafa kumfar sabulu a tiyo da mahaɗa, in kin ga tana tasowa to akwai ɓula. Ki buɗe murfi kafin ki kunna, in bai kama ba ki kashe ki jira minti 5. Tukunyar ta tsaya a tsaye, a inuwa, a waje. Ana cika ta ne kusan kashi 80 cikin 100 don gas yana kumbura da zafi, saboda haka kada ki bari a danna miki fiye da ƙima. Bambancin shi ne, waɗannan duk abubuwa ne da babba zai duba cikin minti biyu ya gama. Garwashi kuwa gadi yake so har kwana biyu, ga yarinya mai shekara uku tana zagaye gida.

Kuɗi: na gawayi ya fi araha ranar saye, na gas ya fi tsada. Ni kuma abin da ke ɗan ci mini rai, kilo ɗaya na gawayin da aka ƙona a ramin gargajiya yana cin itace kilo 5 zuwa 10.

Ko wanne kika ɗauka, zafin gari yana lalata abinci da wuri. Dafaffen nama kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1 ne kawai. Farantin da ya ɗauko ɗanye kada ya karɓi gasasshe. Ki nemi ɗan ma'aunin zafi da ake sokawa a nama, don wuta mai ƙarfi tana ƙona bayan kaza cikinta da jini: kaza digiri 74, niƙaƙƙen nama 71, kifi 63.

Idan za ki saya, ki zaɓi mai murfi, mai kan wuta biyu aƙalla don ki iya kashe gefe ɗaya, mai ƙafafun da ba sa rawa idan kin girgiza shi. Ki ajiye shi nesa da bango da rassan bishiya, ki ja layi da alli a ƙasa kamar mita ɗaya kewaye da shi, ki ce wa yara nan ce iyaka. Manyan ki ba su jera kayan lambu a tsinke da wanke faranta, a wajen layin. In autar ta yi wayo, ƙaramin kurfoti ba shi da wuyar samu, sai ki ƙara da shi don ranakun da ba kya sauri.