Yaya, kafin ku sayi sabar ɗin nan ga yadda ake yi a Dublin

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun wuni lafiya, ya aiki, ya su Hajiya da yara. Na ga saƙonka kan maganar sabar da mai asibitinku yake so a saya, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe bayanan da sauran kwamfutoci ke aiki da su, kace in duba maka farashi a nan Ireland tunda kayan Turai sun fi ƙarko. Zan duba in sha Allahu, amma bari in ɗan ja ka da surutu tukuna don ina ganin ba daga nan ya kamata ku fara ba.

Kayan dai iri ɗaya ne wallahi. Dell da HP da Lenovo ɗin da ke ofishinmu su ne kake gani a Beirut Road, laftop na hannu ma da ake kawowa gida a kwantena da yawansu irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su ne. Bambancin shine a nan ba a sayen na'ura ita kaɗai, ranar da aka saye ta ranar ake rubuta shekarar da za a sauke ta, laftop shekara 3 ko 4, sabar wajen shekara 5, kuma kuɗin wadda za ta maye gurbinta yana cikin kasafin kuɗin kamfani tun yanzu. Sannan ana haɗawa da waranti na washegari, wato in diski ya mutu yau ka kira su, gobe ga ɗan aike da sabo a kwali, wani lokacin har da injiniya. Kowace kwamfuta tana da lamba a manne a jikinta, akwai rajista da ke nuna wa ke riƙe da ita, yaushe lasisinta zai ƙare, wa za a kira in ta tsaya. Lokacin da Microsoft ta ce za ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, mu tun ana saura shekara aka fitar da jerin na'urorin da ba za su ɗauki Windows 11 ba aka raba sayen sababbi kashi kashi, ba hayaniya ba gudun gaggawa.

Tambayar da suke fara yi kuwa ita ce in wannan abin ya tsaya awa nawa za mu iya jurewa, kuma aikin awa nawa za mu iya asararsa. A zaunar da akanta da masu kula da ma'aikata da mu 'yan kwamfuta kowa ya faɗi nasa, daga amsar ne ake gane ko sabar ɗaya ake buƙata ko biyu ko ma babu. Ku a asibiti amsar ɗakin magani da wajen karɓar kuɗi da lab ba za ta zo ɗaya da ta ofishin albashi ba, albashi zai iya jira kwana biyu, amma likita da mara lafiya a gabansa yana neman sakamakon gwajin jini ba zai jira ba.

Toh amma kar ka ɗauka komai nasu abin kwaikwayo ne. Duk tsarin nan nasu a kan abu biyu ya zauna, wuta da sanyi, kuma ba su biya ko sisi don samun na biyun ba. Garin nan da wuya zafi ya wuce digiri 25 ko a tsakiyar bazararsu, shi yasa Microsoft ta buɗe katafariyar cibiyar adana bayanai a nan tun 2009, Amazon da Google da Meta duk suna da nasu, iskar waje kawai ake jawowa ta sanyaya na'urori mafi yawan shekara. Abin ya yi yawa har hukumar ƙididdigarsu ta ce a 2023 cibiyoyin nan sun sha kashi 21 cikin ɗari na wutar ƙasar, har masu kula da layin wuta suka taka birki kan jona sababbi a yankin Dublin. Yanzu ka ɗauki sabar da aka tsara ta zauna a ɗaki mai sanyi dare da rana ka kai ta Kano a watan Afrilu zafi ya haura 40, ka ajiye a sito ba esi, hunturu ya zo ƙura ta cika fankokinta, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa ana juyawa kan janareta sau nawa a rana, ai ko ta miliyan nawa ce ba za ta kai labari ba. Shi yasa ni a ganina rabin kuɗin da kuka ware ma a kan wuta ya kamata ya tafi, inbata mai kyau da batir na litiyam da sola da za su riƙe ɗakin su kaɗai ba tare da an jona musu firij da hita na ofis ba, da UPS a tsakani, wato ƙaramin batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke kafin wata ta karɓa, da esi, da waya ta ƙasa saboda tsawa, mutane suna raina wannan na ƙarshen har sai damina ta ƙona musu suwic ɗin da ke haɗa kwamfutoci da juna.

Su ma fa wutar tana ɗauke musu, a Janairun 2025 wata guguwa da suka sa wa suna Éowyn ta bar gidaje da gonaki da wuraren sana'a 768,000 ba wuta, wasu ƙauyukan yamma sai da suka yi makonni. Sai ka ga wuri babba ba ko ƙaramin janareta don ba su taɓa tunanin za su buƙata ba. A wannan fannin mu ne malamansu.

Haka gyara. Aikin hannu a nan tsada gare shi, mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 13.50 ne a awa, injiniya kuwa ba a magana, saboda haka ba mai zama ya buɗe allon kwamfuta yana neman abin da ya ƙone, cirewa ake a saka sabo, tsohon a tura wajen masu narkarwa. Yaran Farm Centre da suke ɗaga ƙwayar aisi, 'yar ƙwayar nan da ke manne a allon na'ura, da iska mai zafi su mayar, na rantse da wuya ka samu irinsu a nan. Abin da ba mu da shi a gida shine kayan canji su iso washegari, don haka ku sayi naku ku ajiye, diski biyu da abin ba da wuta ɗaya da ƙaramin suwic a kabad a kulle, a rubuta a rajista.

Za ka ji masu cewa a bar sayen sabar a koma kilawud, wato ka yi hayar kwamfuta a ɗakin Amazon ko Microsoft kana biya duk wata. Mu yawancin kayanmu can suke kuma yana mana daɗi saboda wayoyin intanet na faiba biyu ne suka shigo ginin daga kamfani daban daban ta titi daban daban, kuma da yuro muke samu da yuro muke biya. Ku da naira kuke karɓar kuɗi, hayar kuma da dala ake lissafa ta, kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, wanda ya tsara kasafinsa a kan kilawud ya ga kuɗin ya ninka uku bai ƙara komai ba. Ga kuma abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke ta wajen Kwaddibuwa, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, kai da kanka ka ga yadda taransifa ta gagara. Ni dai da ni ne, manhajar marasa lafiya a cikin gini zan bar ta yadda ko intanet ya ɗauke likita zai ci gaba da aiki, imel da ajiyar kwafi su ne za su fita waje, intanet kuma layi biyu, faiba ko na MTN ko Airtel a gefe guda, Starlink mai aiki da tauraron ɗan'adam a ɗaya gefen tunda tun 2023 yana aiki a Najeriya.

Maganar kwafi kar ku yi wasa da ita. Ƙa'idar nan kwafi uku ne, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin kuma ba a jone da komai ba, sannan lokaci lokaci a gwada dawo da shi a ga ko yana buɗewa. Kuma ba wai don sun fi mu hankali ba, wuya suka sha. Ranar 14 ga Mayu 2021 ɓarayin intanet suka kulle kwamfutocin HSE, hukumar lafiya ta ƙasar gaba ɗaya, asibitoci suka koma biro da takarda, aka ɗage ganin likita da hoton ciki, sai da aka yi wajen wata huɗu ana farfaɗowa. Rahoton da aka fitar daga baya ya nuna tun 18 ga Maris wani ma'aikaci ya buɗe fayil na Excel da aka turo masa ta imel, ɓarayin suka yi mako takwas a ciki suna yawo, kuma hukuma mai girman nan ba ta da mutum ɗaya babba da tsaron kwamfutoci yake wuyansa. Ku ma dole a ce ga wane shi ne mai ɗakin nan, a daina kalmar sirri ɗaya kowa ya sani har mai shayin bakin get, kuma ka tuna wa mai asibitin cewa dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanku, bayanan lafiya suna cikin masu tsauri, in aka sace awa 72 gare ku ku sanar da hukuma, daidai da yadda yake a nan.

Sayowa daga nan kuma ban ba ka goyon baya ba. Soket ɗinsu dai irin namu ne mai ƙafa uku, wutar ma 230, amma harajin kaya a nan kashi 23 ne namu 7.5, ga kuɗin jirgi ga kwastan, kuma warantin washegarin nan ba lallai ya bi ta Kano ba. Gara dila mai izini a Legas ko nan gida da zai rubuta muku a takarda kwana nawa yake ɗauka ya kawo kayan canji.

Ka turo min adadin kwamfutocin da ke kowane sashe, awa nawa kuke samun wuta a rana, girman janareta, sunan manhajar da kuke amfani da ita, da hoton ɗakin da za a ajiye ta har da rufin. A gaida Hajiya, kace mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko.