Abin da na gani a wani asibitin dabbobi a Kaduna, bayan muzurunmu ya ƙaurace wa bahon yashinsa

Shekara huɗu muzurunmu yana biyan buƙatarsa a cikin bahon roba da muke cika masa da yashi, ba mu taɓa samun matsala ba, sai a bazarar bana muka fara jin zarni a falo. Da muka bincika, sai muka tarar ya mayar da gefen kafet da bayan labule wurin fitsari. Maigidan ya ce iskanci ne kawai, a fitar da shi waje ya kwana biyu zai shiga taitayinsa, ni kuwa na ga ya fi kyau a kai shi wurin masu sanin abin, domin na lura yana yawan tsugunawa yana kuka, kuma abin da ke fita ɗigo ne kaɗan mai ja-ja. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa, wanda galibin masu zuwa cikinsa makiyaya ne da masu kiwon kaji.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai fara da maganar horo ba. Ya ɗora muzurun a kan tebur, ya lalubi cikinsa a hankali don ya ji ko mafitsara ta cika ta yi tauri, sannan ya ce, "Hajiya, kin yi dabara da kika zo yau." Ya bayyana mini cewa hanyar fitsarin muzuru siririya ce ƙwarai idan aka kwatanta da ta macen kyanwa, saboda haka tana iya toshewa, kuma muzurun da fitsari ya ƙi fita masa gaba ɗaya yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku idan ba a buɗe hanyar ba. Namu bai toshe ba. Gwajin fitsari ya nuna kumburin mafitsara ne. A cewarsa, kyanwar da ta sha zafi a cikin baho takan ɗauka bahon ne ya cuce ta, sai ta nemi wuri mai laushi, kuma ko bayan ta warke tsoron yakan ci gaba. Ya ba da maganin rage zafi na kyanwa, ya kuma ja kunnena sosai cewa kada in kuskura in ba shi farasitamol, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ma tana iya kashe ta.

Bayan haka ne ya shiga tambayoyi kan gida, kuma a nan na gane laifin da ke wuyanmu. Lokacin zafi mun matsar da bahon zuwa lungun bayan kicin, dab da janareta, wanda ake tayarwa ba zato ba tsammani. Mun kuma daina sa yashi, mun koma wata ƙasar bahon kyanwa ta kanti mai ƙamshin furanni, muna ganin gata muka yi masa. Likitan ya yi dariya ya ce ƙamshin don hancinmu aka yi shi, kyanwa kuwa ta fi son ƙasa mai laushi marar ƙamshi wadda za ta tona ta binne.

Tsarin da ya rubuta mini a takarda mai sauƙi ne, kuma na bi shi daki-daki. Na keɓe muzurun a ɗaki guda na tsawon kwana 10, da baho biyu, domin ƙa'idar ita ce a ƙara baho ɗaya a kan adadin kyanwoyin gida. Tsawon kowane baho ya kai tsawon jikin muzurun ɗaya da rabi, zurfin yashin kuma kamar santimita 5, sannan abinci da ruwa suna can ɗaya kusurwar, nesa da bahon. Ina kwashe ƙazantar safe da yamma, ina wanke bahon da ruwa da sabulu marar ƙamshi duk mako. Likitan ya hana ni amfani da magungunan wanke ƙasa masu sinadarin fenol, irin waɗanda ke mayar da ruwa fari kamar madara, saboda guba ne ga kyanwa, haka nan duk abin da ke da amoniya, tunda warinsa yana kama da na fitsari kuma yana jawo ta ta sake yi a wurin. Duka da tsawa da goga hancinsa a fitsari duk ya ce a bari, domin tsoro yana cikin abin da ke tayar da irin wannan ciwo. A rana ta uku muzurun ya shiga bahon da kansa, kuma daga nan bai sake ɓata kafet ba, ko da yake tsohon gefen sai da muka yanke shi muka zubar, don zarnin ya ƙi fita.

Wurin yana da nasa aibi. Na jira fiye da awa biyu a benci ɗaya da mai awaki da mai kare, muzurun yana ta makyarkyata a cikin kwando, abin da bai dace da dabbar da aka ce tashin hankali yana ƙara mata ciwo ba. Mai sayar da magani a gaba kuma ya matsa mini lamba in sayi abincin gwangwani na waje mai tsada, alhali likitan cewa ya yi kawai a ƙara masa abinci mai ruwa-ruwa, a kuma ajiye kwanukan ruwa a wurare da dama. Duk da haka kwalliya ta biya kuɗin sabulu, musamman da yake likitan ya kira ni da kansa bayan mako guda ya tambayi yawan fitsarin da launinsa.

Wanda zai je, ya tafi da sassafe kafin makiyaya su cika wurin, ya rufe kwandon da zane, ya kuma ɗauki hoton bahon da inda aka ajiye shi a waya, domin likitan zai nemi ya gani.