Doctor Who: tsohon zubi ko sabo, wanne ya fi nuna yadda Dakta yake sake jiki?

Ɗan'uwa, tunda sake jikin Dakta, jarumin shirin talabijin na Doctor Who, kake son ganewa, bar tsohon zubin na 1963 zuwa 1989 tukuna, ka ɗauki wanda BBC ta dawo da shi a 2005. Fara daga Christopher Eccleston ka bi har ƙarshen David Tennant a 2010, 'yan wasan da suka fito a matsayin Dakta ɗaya bayan ɗaya. Su ne a wurina a faifai, kuma duk wanda na ara wa, da ya kai ga ƙarshen zangon farko sai ya dawo neman na biyu.

A sabon ne aka tsayar da ƙa'idar abin. Dakta ɗan duniyar Gallifrey ne, zuciyarsa biyu. Idan ya ji raunin da zai kashe shi, sai wani ƙarfi mai hasken ruwan zinariya ya taso daga hannuwa da wuya, ya sauya kowace ƙwayar halitta ta jikinsa. Fuska, murya, tsayi da hali duk su canza, wani lokaci har daga namiji zuwa mace, kamar yadda Jodie Whittaker ta karɓa a 2017. Abin da ya sani da abin da ya tuna kuwa suna nan daram.

Bayan sauyin ne ya fi daɗin bi. Sa'o'i 15 na farko jikin bai gama ƙwari ba, kamar ɗanyen tubali. A kashin The Christmas Invasion na 2005 Tennant ya kwanta sumamme, ragowar ƙarfin yana fita ta bakinsa, zuciya ɗaya ta tsaya, sai tururin shayi ne ya farfaɗo da shi. Da aka sare masa hannu da takobi, nan take wani ya tsiro, don yana cikin waɗannan sa'o'i. Riƙe zancen yankakken hannun nan, domin a 2008 da Dalek, ɗaya daga cikin maƙiyansa, ya harbe shi, ya warkar da raunin ya juye sauran ƙarfin cikin hannun, fuskarsa ba ta canza ba, amma damar sauyi guda ta tafi. Shi ya sa lissafin Matt Smith, wanda ya gaji Tennant, yake rikita mutane. Ana ce masa Dakta na 11, alhali in ka haɗa da jikin John Hurt na lokacin yaƙi da wannan damar da aka ƙone, ya cinye sauyi 12 cif, iyakar da doka ta ba shi. Sai da mutanen Gallifrey suka ba shi sabon zagaye a 2013.

Nan za ka ga inda abin yake ɓaci. Mutuwar da ta riga sauyin farawa mutuwa ce ta har abada, kamar a kashin Turn Left, labarin yadda abin zai kasance da tarihi ya sauya, inda ruwa ya ci Dakta a ƙarƙashin kogin Thames. Ana iya ƙin sauyin da gangan, Master, abokin gābarsa ɗan Gallifrey, ya yi haka a 2007. Ana iya ba wani, River Song, wata mai irin wannan baiwar, ta sallama duk nata don ta ceci Dakta daga guba a 2011. Ana iya danne shi na ɗan lokaci, sai dai da Tennant ya danne nasa, ranar da ya saki sai da cikin jirginsa TARDIS ya kama da wuta.

Tsohon zubin ba zan hana shi haƙƙinsa ba, daga can abin ya faro. Rashin lafiyar William Hartnell, Dakta na farko, ce ta sa a 1966 aka narkar da fuskarsa cikin ta Patrick Troughton don shirin ya ci gaba, kuma dokar sauyi 12, rai 13, a The Deadly Assassin na 1976 ta fito. Amma kowane sauyi da irin tasa siffar, babu tsari ɗaya da za ka kama. Na 1987 ma Sylvester McCoy aka sa wa gashin kanti ya fito a madadin Colin Baker. In dole sai ka taɓa, The Caves of Androzani na 1984 ya ishe ka.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa. Duk wanda ya ce maka yana da tsohon Doctor Who cikakke ƙarya yake yi. BBC ta goge kaset masu yawa a wancan zamanin, kashi fiye da 90 har yau ba a same su ba, ciki har da kashi na 4 na The Tenth Planet, wanda sauyin farkon yake ciki. Guntun wurin sauyin ne ya tsira, sauran da zane aka cike shi a faifan 2013. A shekarar ne ma aka sanar da gano kashi 9 na zamanin Troughton a wata tashar talabijin a Jos.

Masu tura fim a waya ko filas kuma tasu matsalar daban ce. Sukan ba ka zango daga kashi na 1 zuwa na 13 su tsallake fitowa ta musamman, alhali yawancin sauye-sauyen a can suke. Kafin ka biya, sa a buɗe maka ka gani da idonka akwai The Christmas Invasion, The End of Time kashi biyu, The Time of the Doctor da Twice Upon a Time. In faifan DVD ne daga Ingila, duba bayansa: lambar yankinsu 2 ce, ta Najeriya da Nijar 5, don haka sai na'urarka tana karɓar kowane yanki zai yi.