Blender ko SketchUp ko Maya? Ra'ayina ga masu son gina kaya a Second Life da Roblox

Jama'a masu tambayata wace manhaja za su ɗauka don yin mesh, wato siffar abu ta 3D da ake ɗorawa a duniyoyin intanet irin su Second Life da Roblox, amsata Blender ce, kuma ba wai don ta fi sauƙi ba, wallahi makon farko sai ka ji kamar ka rufe laftof ɗin ka tafi shan shayi. Dalilina shi ne yanayinmu na nan Zariya: laftof tokumbo, wuta sai an ga dama, data kuma kullum tsada take ƙarawa.

Maya dai babu wanda zai raina ta, da ita manyan kamfanonin fim da gem ke aiki, amma Autodesk, kamfanin da ke da ita, biyan kuɗin wata ko shekara suke karɓa, in ka juya shi zuwa naira sai kanka ya sara. Ɗalibi na iya samun lasisin kyauta, sai dai na koyo ne kawai, ba a yarda ka sayar da abin da ka yi da shi ba. SketchUp kuwa 'yan akitekca na Samaru sun san daɗinta, ka ja layi ka tura bango ya tashi, kafin la'asar ka gama gida. Amma ta kyautar a burauza take, ba netwok ba aiki, sannan mesh ɗin da take fitarwa yakan zo da fuskoki a juye, sai ka sake bi kana gyarawa. Wings 3D ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗauka, amma ba ta yin animeshan.

Ita Blender kyauta ce tun 2002, lokacin da Ton Roosendaal, mutumin Holan, ya yi gangami jama'a suka haɗa yuro 100,000 aka fanshi manhajar aka sake ta ga kowa. Tana aiki ba intanet, akwai ma wadda ba sai an yi instol ba, ka zuba a filash ka kai wa abokinka a Kongo ya kwafa. Kuma tana ajiye aiki da kanta duk minti 2, in aka ɗauke wuta batir ya mutu sai ka shiga File, Recover, Auto Save ka dawo da kayanka. Wannan kaɗai ya isa in ba ta maki.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya da kyau. A waɗannan duniyoyin ba kyawun abu ake fara dubawa ba, nauyinsa ake dubawa, wato yawan alwatikan da ke jikinsa. Ɗauki zaure irin na cikin birni, da zankwaye a sama da zane a fuskar bango kamar na ƙofar fadar Zazzau. Bangon da zankwayen abu ne mai sauƙi, a Blender ka danna Tab, ka zaɓi fuska, E ka jawo ta sama, S ka tsuke kan ya yi tsini, shi ke nan. Amma in ka ce sai ka sassaƙa kowane lanƙwasa na dagi da hannu, alwatika za su yi ta hauhawa har fankar laftof ta fara kuka, kuma a Second Life wannan nauyin kuɗi ne, don ana biyan dalar Linden, wato kuɗin cikin Second Life, wajen ɗora mesh, sannan yana cin kason filinka. Dabarar ita ce ka yi mai nauyin, ka gasa zanen ya koma hoton normal map, wato hoton da ke sa wuri sumul ya yi kamar an sassaƙa shi, ka manna shi a kan bango sumul. Daga nesa ido ba ya bambancewa. Sannan Second Life na son abu ɗaya a mataki 4, daga mai cikakken zane na kusa har zuwa mai ƙarancin alwatika na can nesa, kuma gara ka yi su da kanka, ko da Decimate ne, wato abin rage alwatika na Blender, in ka bar wa na'ura sai ka ja baya kaɗan ka ga zaurenka ya lotse kamar tsohuwar kwalla.

Kafin ka fitar da fayil ka danna Ctrl+A ka tabbatar da sikeli, ka kunna Face Orientation, duk inda ka ga ja to fuskar a juye take, a can cikin Second Life ko Roblox bangon ba zai bayyana ba sam, Shift+N ke gyara yawancinsu. Roblox na karɓar FBX da OBJ.

Aibinta fa? Maɓallai sun yi yawa, komai shotkot ne, kuma ba a jin daɗinta sai da maus mai taya a tsakiya, don haka ka leƙa PZ ko Sabon Gari ka sayi ko mai arha ne. Tun daga sigar 2.8 ta 2019 fuskarta ta gyaru sosai, sai dai ka kula da tsofaffin bidiyon YouTube, maɓallansu ba ɗaya ba ne da na yanzu. Daga 4.0 kuma sai katin hoto mai OpenGL 4.3, in laftof ɗinka ya kwana biyu ya ƙi buɗewa, ka sauke 3.6, ta ishe ka yin zaure har da katanga.