Na Je Neman Katin Hoto, Na Dawo da Ram: Sharhi kan Wani Shagon Gyaran Kwamfuta a Jos

Ni ba matuƙin jirgin sama ba ne, malamin makaranta ne mai koyar da labarin ƙasa, amma shekara uku ke nan ina raba dare a kan manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama ta Microsoft Flight Simulator, wadda kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya gina, ta fito a watan Agustan 2020. Asali saboda babban ɗana na saye ta, domin burinsa shi ne shiga kwalejin horar da matuƙa jiragen sama ta Zariya, sai ga shi yanzu na fi shi zama a kanta. Abin da ya kai ni shagon da zan yi magana a kansa kuwa matsala ce da duk mai wannan manhaja ya sani. Muddin jirgi yana can sama cikin gajimare, komai lafiya lau yake tafiya, amma da zarar an sauko an doshi titin sauka a babban filin jirgi, sai hoton ya kama in'ina, yana tsayawa yana zabura, har mutum ya ja sandar tuƙi a makare ya buga jirgin da ƙasa.

Ga wanda bai saba ba, motsin da ake gani a allo jerin hotuna ne da kwamfuta ke zanawa ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗaya ana kiransa firem. Idan tana fitar da 30 a daƙiƙa, kowane hoto yana da kimanin milisakan 33 ke nan kafin na bayansa ya iso, idan kuma 60 ne, kimanin milisakan 17. Tawa kwamfutar tana ɗauke da furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi) Ryzen 5 3600, da katin hoto (mai zana abin da ake gani a allo) RTX 3060, da ram (ma'ajiyar bayanan da ake aiki da su nan take) mai gigabait 16, allon kuma na 1080 ne mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Na riga na yanke wa kaina hukunci cewa katin hoton ne ya gaza, har na yi adashi domin sayen wanda ya fi shi, na kuma sa wani abokina ya taya mini farashi a Banex da ke Wuse 2 a Abuja. Shi ne ma ya ba ni shawarar in fara nuna wa wani matashi a nan Jos, wanda ya ce yana haɗa wa masu wasannin kwamfuta injinansu.

Shagon yana hawa na biyu a wani bene da ke kusa da Terminus, ana bi ta wata siririyar matakala wadda mutum biyu ba sa iya giftawa a kanta, balle mai rungume da akwatin kwamfuta. Ciki babu wani ƙawa: tsofaffin firintoci a jibge a kusurwa, yara biyu masu koyon aiki, da benci guda na baƙi. Bayan mun gaisa na faɗa masa katin da nake so, sai ya ce, "Yallaɓai, kafin ka taɓa kuɗinka, bari mu tambayi kwamfutar abin da ke damunta." Ban ɓoye ba, a raina na ɗauka irin zancen da ake yi ne kafin a tsawwala farashi.

Abin da ya yi daga nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ya buɗe manhajar, ya kunna sashen masu gina ta, inda akwai wani ɗan akwati da ke nuna yawan firem da kuma lokacin da kowane ɓangare na kwamfuta ke ci kafin ya gama nasa aikin. Ya fara ajiye ƙaramin jirgi Cessna 172 a filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, lambar ta tsaya a wajen 45, babu abin ƙorafi. Sannan ya koma Airbus A320neo a filin Heathrow na Landan, nan take lambar ta faɗo 18, kuma aka rubuta a akwatin cewa "Limited by MainThread", wato babban layin aikin furosesa ne ke riƙe da tafiyar. Ya nuna mini da bakin sukudireba cewa katin hoton yana gama zanensa cikin milisakan 14 ko 15, alhali furosesa tana cin fiye da 50. Don kada in ce ya ruɗe ni da lambobi, sai ya rage kaifin hoton ƙwarai har rubutun da ke ɗakin matuƙi ya dusashe, wanda hakan sauƙaƙa wa katin aiki ne matuƙa, amma lambar ba ta motsa daga 18 ba. "Ka gani, yallaɓai," in ji shi, "katin nan zaman jira yake yi. Ko wanda ya ninka shi uku ka sa, zaman jiran zai zo ya taya shi."

Ya kwatanta mini abin da tashar mota ta Bauchi Road ranar da fasinjoji suka yi yawa: motoci a jere, direbobi a shirye, masu lodi sun cika wuri, amma mutum ɗaya ne ke rubuta sunaye a takarda, don haka babu motar da za ta tashi sai ya gama da ita. Furosesata tana da kawuna shida, amma lissafin da ya fi nauyi a wannan manhaja, kamar tantance gine-gine da bishiyoyin da za a zana, da motsin sauran jirage da motocin filin jirgi, da na'urorin babban jirgi, galibinsa ta layi ɗaya yake bi. Na daɗe ina karanta bayanai kan wannan batu ba tare da ya zauna mini ba, sai ranar.

Daga nan ya kwance murfin akwatin, kunya ta kama ni. Mu mutanen Jos sanyin garinmu yana yaudararmu, muna ganin kwamfuta ba za ta yi zafi ba, mun manta da cewa ƙurar hunturu ba ta tambayar sanyi. Tsakanin fankar furosesa da ƙarfen da ke zuƙe mata zafi, ƙura ta yi kauri kamar auduga, ja-ja irin ta ƙasarmu, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen kuma ya bushe ya zama kamar alli. Lokacin gwajin Heathrow zafin ya haura digiri 90, alhali iyakar wannan furosesa 95 ne, kuma tun kafin ta kai can take rage gudu domin ta tsira. Ya sa yaro ya fita da akwatin baranda ya hure shi da bulowa, ya goge tsohon man, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.

Abu na biyu da ya gano ya fi ba ni haushi, domin shekara uku ina zaune da shi ban sani ba. Ram ɗina sanda ɗaya ce tal, don haka bayanai ta hanya ɗaya suke shiga furosesa maimakon biyu, sannan duk da an rubuta 3200 a jikinta, a kan 2133 take gudu, saboda ba a taɓa kunna XMP, saitin da ke ba ram cikakken gudunta, a cikin BIOS, wato saitunan tushe na kwamfuta, ba. Furosesoshin Ryzen kuwa an san su da jin daɗin ram mai sauri. Ya ba ni shawarar ƙara sanda ta biyu mai gigabait 16, jimilla 32, kuma wannan ne kaɗai kayan da na saya a shagon.

A ɓangaren saitin manhajar, bai bi hanyar da yawancinmu ke bi ta sauke komai ƙasa gaba ɗaya ba. Ya bar ingancin gajimare da inuwa da kaifin hoto a sama, tunda nauyinsu a kan katin yake, katin kuma yana da sarari. Abin da ya taɓa shi ne ma'aunin da ke ƙayyade nisan da ake zana ƙasa dalla-dalla, wanda na ɗora a kan 200 don kawai na ga shi ne matakin ƙoli a jerin zaɓin manhajar, ya mayar da shi 100. Ya rage yawan jiragen da ke fake da ma'aikata da motocin filin jirgi, ya kuma sassauta saurin sabunta allunan gilashi na ɗakin matuƙi. Ɗaya daga cikin yaran ya sa baki ya ce a kunna DLSS, fasahar kamfanin Nvidia mai rage wa katin hoto nauyin zane, wadda aka shigo da ita manhajar a 2022, sai ya ce masa wannan maganin katin da ya gaji ne, a nan ba za ta ƙara komai ba sai dai ta dusashe lambobin da ke allon matuƙi. Ita kuwa ɗaya fasahar mai ƙirƙiro ƙarin firem a tsakani, wadda ta zo da DLSS 3, sai katunan jerin RTX 40 zuwa sama.

Inda muka yi ja-in-ja shi ne da ya ce zai kulle firem ɗin a kan 30, wato rabin abin da allona ke iyawa. Na ce masa, "Injiniya, ƙari na zo nema, ka ce za ka sa mini linzami?" Ya amsa cewa ido bai damu da girman lamba ba kamar yadda ya damu da daidaituwarta, kuma hoton da ke tsalle tsakanin 48 da 27 ya fi wahalar tuƙi a kan wanda ya tsaya cak a 30. Bayan mako uku ina amfani da shi, na yarda da maganarsa dangane da manyan jirage, domin wannan ba wasan harbi ba ne da ake juya kai kamar walƙiya. Amma a ƙananan jirage, inda nake yawan leƙa taga ina neman alamun ƙasa, na cire kullen, kuma ina ganin ya kamata ya nuna mini yadda ake sauya shi maimakon ya yanke hukunci ɗaya a kan komai.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne. Ya yi alkawarin in zo ranar Talata, ban karɓi kwamfutar ba sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma sau biyu ina hawa waccan matakala a banza, domin ba ya kiran mutum ya sanar da shi an samu jinkiri. Sandar ram da ya sa mini ta hannu ce, bai faɗa ba sai da na tambaya, garantinta kuma na baki ne, mako biyu, babu ko rasit. Mafi muni shi ne abin da na tarar da na koma gida. Na tashi daga Heipang na juya wajen duwatsun Shere, sai na ga ƙasar ta zama wata shimfiɗa mai kore iri ɗaya, babu kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Bukuru da Rayfield, waɗanda da su nake gane inda nake. Ashe ya kashe bayanan taswirar Bing da manhajar ke jawowa ta intanet gaba ɗaya, wai don ya tausaya wa datata. Niyyarsa mai kyau ce, domin duniyar wannan manhaja ta haura petabait 2, wato gigabait miliyan biyu, kuma kaɗan-kaɗan ake sauko da ita yayin tashi, amma wannan shi ne ran manhajar, kuma ba abin da ake kashewa ba ne ba tare da an tambayi mai kaya ba. Da na kira shi ya ba da haƙuri, ya bi da ni ta waya na mayar da shi, muka bar biranen da aka zana daga hotunan sama kaɗai a kashe, tunda galibinsu a Turai da Amurka suke, sannan muka faɗaɗa ma'ajiyar wucin gadi da ke riƙe wuraren da aka riga aka ziyarta daga gigabait 8 zuwa 32, domin hanyar Jos zuwa Abuja da nake yawan bi ta daina cin data sau biyu.

Game da sakamako, a wurin da muka yi gwajin farko a Heathrow, kwamfutar tana ba da tsakanin 33 da 36 idan an cire kulle, zafin furosesa kuma ba ya wuce digiri 72. In'inar ba ta ɓace ɗungurungum ba, takan leƙo idan intanet ta yi rauni ko lokacin da jirgi ya fara taɓa ƙasa a filin da ya cika, amma ta daina lalata mini sauka. Kuɗin aikinsa da na ram ɗin a haɗe ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na tara domin katin ba. Ya kuma ce idan har ina son kashe sauran, in nemi furosesa Ryzen 7 5800X3D, wadda ta fito a 2022 da ma'ajiyar cikin gida mai megabait 96, ninki uku na tawa, kuma tana zama a gurbin furosesa samfurin AM4 da nake da shi bayan an sabunta BIOS. Ya faɗa mini ƙarara cewa ba shi da ita a shago, kuma samunta sabuwa ya yi wuya yanzu.

Wanda ke fama da irin wannan matsala a Jos, ina ganin ya dace ya kai masa, da sharaɗin ya tsaya a kansa lokacin gwaji, ya tambayi ko kayan da za a sa masa sabo ne ko na hannu, kuma ya ƙara kwana uku a kan duk ranar da aka yanka masa. Ni dai na sa abokina na Abuja ya fara cigiyar waccan furosesa, kuma idan ta samu, shagon zan mayar da akwatin, amma wannan karon da littafi da biro zan hau benen, duk saitin da ya taɓa sai ya rubuta mini shi kafin in biya.