SuperSport ko beIN Sports: wace ta fi dacewa da mai kallon ƙwallo?

SuperSport 'yar Afirka ta Kudu ce. Ta faro a 1988 a matsayin wani ɓangaren wasanni a tashar M-Net, sai a 1995 ta tsaya da ƙafafunta. Ta DStv da GOtv ake kama ta a ƙasashen kudu da Sahara, shi ya sa a gidajen kallon ƙwallo da yawa a Kano ranar Asabar, ita za ka tarar ana kallon Firimiyar Ingila. Kuɗin wata dai ya yi wa talaka nauyi, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Ita kuwa beIN daga Qatar take. Da sunan Al Jazeera Sport aka buɗe ta a 2003, ta shiga Faransa da sabon suna a 2012, sannan tashoshinta na Larabci suka koma beIN a 2014. Haƙƙin nuna wasanninta na Larabci ya tsaya ne a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, har da Sudan, ban da Najeriya.

Ni dai sharhin Larabawa ya fi ratsa ni, yadda suke kambama ɗan wasa kamar maroƙa. Amma mazaunin Najeriya, SuperSport ce zai biya ta halastacciyar hanya ya kalli Firimiya.