Lightroom Classic da darktable: wanne ya fi sauƙin ceto idan hotuna sun ɓace ko katalog ya ƙi buɗewa?

Ɗan'uwanmu mai ɗaukar hotunan biki da suna ya kawo tambaya. Hotunansa na RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ke ɗauka kafin a sarrafa shi, suna kan faifan ajiya na waje, yana gyara su da Lightroom Classic a kwamfuta mai Windows. Ya wayi gari ya ga alamar tambaya a kan foldojinsa, kowane hoto kuma da alamar motsin rai a kusurwa, sashen gyaran hoto na Develop yana cewa ba a sami fayil ba. Kwana biyu bayan haka aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, katalog ɗin ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Wani ya ba shi shawarar ya koma darktable tunda kyauta ce. Yana so ya san ko komawar za ta raba shi da wannan ciwon kai.

Malam, ba za ta raba ka da shi ba, domin manhajojin biyu gini ɗaya ne daga tushe. Babu wadda ke haɗiye hotonka a cikinta. Kowacce tana riƙe da rumbun bayanai irin na SQLite, inda take rubuta adireshin hoton da jerin gyare-gyaren da ka yi masa. A Lightroom rumbun shi ne katalog, fayil mai ƙarewa da .lrcat, a darktable kuwa library.db ne. Adireshi ya canza, dukkansu za su ce hoto ya ɓace. Inda suka sha bamban da gaske shi ne wurin da gyaranka yake kwana, kuma wannan ne zai nuna abin da za ka rasa ranar da rumbun ya lalace.

Mu fara da alamar tambaya. Mafi yawan lokaci harafin faifai ne ya canza. Windows tana ba faifan waje harafin farko da ta samu babu kowa a kai. Jiya faifanka E: ne, yau ka riga ka soka filashi ko abin karanta katin kyamara, sai ya karɓe E:, faifanka ya koma F:. Katalog yana can yana neman E:\Hotuna\2024, babu shi. Ka danna maɓallin dama na linzami a kan Start, ka shiga Disk Management, ka zaɓi faifan, ka shiga Change Drive Letter and Paths. Idan ka mayar masa da tsohon harafinsa, alamomin za su kau nan take a kowace daga cikin manhajojin. Amma shawarata ita ce ka ba shi harafi na can ƙarshe, kamar P: ko X:, wanda filashi ba zai taɓa kaiwa ba, sannan ka nuna wa manhajar sabon adireshin sau ɗaya tak. Ka tuna harafin na wannan kwamfutar ne kaɗai. Idan kana kai faifan wata kwamfuta, ita ma sai ka saita mata.

Nuna sabon adireshi a Lightroom: a ɓangaren Folders na hagu, ka danna dama a kan babbar folda ta sama, ka zaɓi Find Missing Folder, ka nuna inda take yanzu. Duk ƙananan da ke cikinta za su biyo ta. Idan foldoji hamsin kake gani a jere babu uwa a samansu, to sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da zarar sun dawo ka yi amfani da Show Parent Folder domin gobe aikin ya zama danni ɗaya. A darktable, a ɓangaren collections, foldar da ta ɓace tana fitowa da layi ya ratsa sunanta, tsofaffin sigogi kuma suna sa hoton ƙoƙon kai a madadin hoton. Ka danna dama a kan foldar ka zaɓi update path to files. Aikin kusan ɗaya ne, babu wadda ta fi wata a nan.

Abu biyu ne ke mayar da ƙaramar matsala ta zama asara a Lightroom, kuma mutane da yawa can suke fara rugawa. Na farko shi ne Synchronize Folder. A cikin akwatin da yake buɗewa akwai zaɓin Remove missing photos from catalog. Idan ka bar shi da alama, za a goge rajistar hotunan tare da duk gyaransu. Na biyu shi ne sake shigo da hotunan daga sabon harafin. Za ka same su, amma a matsayin sababbi fil, babu yankewa, babu gyaran haske, babu taurari, ga kuma tsofaffin can suna nan da alamarsu. A darktable sake shigowa ba shi da wannan haɗarin, kuma dalilin shi ne jigon kwatancin nan.

darktable tana rubuta ɗan fayil na rakiya, XMP, kusa da kowane hoto, ba tare da ka ce ta yi ba. Hoto mai suna DSC_0412.NEF yana samun DSC_0412.NEF.xmp, idan ka yi masa gyara iri na biyu sai a ƙara DSC_0412_01.NEF.xmp. A ciki akwai tarihin gyaran duka, mataki-mataki, da taurari da alamun launi da kalmomin nema. Saboda haka ko library.db ya ruguje, kana iya matsar da shi gefe, ka buɗe manhajar, ka sake shigo da foldojin ta add to library, gyaranka ya dawo daga fayilolin rakiya. Abin da ba zai dawo ta wannan hanya ba shi ne saitunan da ka adana da salon gyaranka, domin su suna cikin wani fayil daban, data.db. Dukansu biyu a Windows suna cikin AppData\Local\darktable ƙarƙashin sunan mai amfani.

Lightroom kuwa komai a katalog take zubawa, sai fa idan kai ka kunna XMP da hannunka. Ka shiga Catalog Settings, shafin Metadata, ka sa alama a Automatically write changes into XMP. Tsofaffin hotuna kuma ka zaɓe su duka a Library ka danna Ctrl da S. Ga RAW na kyamara za ta rubuta DSC_0412.xmp a gefe, ga JPEG da TIFF da DNG (nau'in RAW na kamfanin Adobe mai Lightroom) kuwa a cikin fayil ɗin kansa take rubutawa. Ko da haka, kada ka ɗauka ka tsira gaba ɗaya: tarin hotuna na Collections, da kwafin Virtual Copies, da tarihin matakan Develop ba sa shiga XMP. Sakamakon ƙarshe na gyaran ne kawai yake shiga. Mai ɗaukar biki da ya ware hotunan album a Collections, idan katalog ya tafi, zaɓin nan ya tafi da shi.

Sai batun ɗauke wuta. Duk lokacin da Lightroom take buɗe, tana ajiye fayil ɗin kulle mai ƙarewa da .lrcat.lock kusa da katalog, idan an rufe ta lafiya sai ta goge shi. Wuta ta yanke, kullen ya zauna, sai manhajar ta ce wai wata manhaja tana amfani da katalog ɗin. Ka duba Task Manager ka tabbatar Lightroom ba ta gudana a ɓoye, sannan ka goge wannan fayil ɗin shi kaɗai. Za ka ga wani a gefensa mai ƙarewa da .lrcat-wal. Don Allah kada ka taɓa shi. A cikinsa ne aikin ƙarshe da bai gama shiga katalog ba yake, Lightroom za ta haɗe shi da kanta idan ta buɗe. Haka kuma .lrcat-data, wanda ya fara zuwa da siga ta 11 a 2021, yana ɗauke da bayanan gyaran sashe-sashe na hoto, dole ya riƙa tafiya tare da katalog duk inda aka kai shi. darktable ma tana da nata kullen, library.db.lock da data.db.lock, kuma sababbin sigogi suna fito maka da akwati mai maɓallin goge su.

Idan bayan cire kulle aka ce katalog ya lalace, ka bar Lightroom ta gwada gyara shi. Ya ƙi, sai ka nufi foldar Backups, inda kowane kwafin ajiya yake cikin folda mai kwanan wata da lokaci, a matse cikin zip. Ka canza wa lalataccen suna, kada ka goge shi, ka warware kwafi mafi kusa ka ajiye a gurbinsa. A nan ne mutum yake gane darajar abin da yake tsallakewa: akwatin da ke fitowa lokacin rufe manhaja, wanda ake danna Skip this time saboda sauri. Asalin saitin sau ɗaya ne a mako, kuma yana ajiye kwafin a faifai ɗaya da katalog. Wanda ke aiki inda wuta ba ta da tabbas ya mayar da shi kullum, ya bar alama a Test integrity, ya kuma canza wurin ajiyar zuwa wani faifai daban. Kwafin nan na katalog ne kawai, babu hoto ko ɗaya a cikinsa. darktable tana ɗaukar nata kwafin rumbun da kanta, za ka gan su da -snp- a sunansu, amma su ma a folda ɗaya suke da na asali, don haka mutuwar faifai tana kwashe su tare.

Akwai tarko ɗaya a ɓangaren darktable da ya kamata a faɗa. Hoton da ya riga ya shiga rumbu, maganar rumbun ake bi, ba ta XMP ba. Idan ka gyara hoto a kwamfutar shago, ka kai faifan kwamfutar gida wadda ita ma ta san hoton, tana iya rubuta tsohon gyaranta a kan sabon. Ka kunna look for updated XMP files on startup a saitunan storage, sai ta riƙa tambayarka wanne za a riƙe. Kuma idan ka canza wa RAW suna a wajen manhajar ba tare da ɗan rakiyarsa ba, an raba su ke nan.

Nauyi da jan ƙafa, maganinsu ya yi kama. Katalog da samfoti su zauna a faifan SSD na cikin kwamfuta, hotuna su zauna a na waje. Lightroom ma ba ta yarda a buɗe katalog daga faifan da ke kan hanyar sadarwa. A Preferences, shafin Performance, ka ɗaga Camera Raw Cache daga gigabayit 5 zuwa 20. Idan hoto yana fitowa baƙi ko manhajar tana rufe kanta a Develop, ka kashe Use Graphics Processor ka gwada. Ta daidaita, to direban katin girafik ne, ka sabunta shi daga shafin kamfanin da ya ƙera katin. A darktable gwajin shi ne ka kashe OpenCL, wato hanyar da take amfani da katin girafik, a saitunan processing, ko ka tayar da ita da --disable-opencl. Gaskiya a tsohuwar kwamfuta marar katin girafik darktable tana wahalarwa, musamman idan ka kunna diffuse or sharpen ko denoise. Lightroom tana da wata dabara da ta fi a nan: Smart Previews, ƙananan DNG masu fiksel 2560 a dogon gefe, waɗanda kake iya gyara da su ko faifan waje ba ya jone. Makamancinsa a darktable shi ne copy locally, amma cikakken RAW yake kwafowa, yana cin wuri.

Launi kuma, ƙorafin iri ɗaya ne: hoto ya fito da kyau na daƙiƙa biyu, sai ya dusashe. Abin da ka fara gani JPEG ne da kyamara ta cusa a cikin RAW, na biyun shi ne fassarar manhajar. A Lightroom gyaran yana da sauƙi, ka shiga Preferences, Presets, ka mayar da Raw Defaults zuwa Camera Settings, ko ka zaɓi ɗaya daga bayanan launi na Camera Matching. darktable kuwa a asalin saitinta ba ta kwaikwayon kyamara. Sai ka daidaita exposure da kanka, sannan sigmoid ko filmic rgb masu daidaita haske da duhu, ka adana salon ka riƙa ɗora shi. Wanda zai miƙa hoto ɗari biyar na ɗaurin aure kafin jibi zai ji wannan bambancin a jikinsa. Wajen fitarwa kuwa doka ɗaya ce: abin da za a tura ta WhatsApp ko Instagram a fitar da shi a tsarin launi na sRGB. Aka fitar a ProPhoto RGB ko Adobe RGB, jan lalle da shuɗin shadda suna iya fitowa a koɗe a wayar amarya.

RAW na sabuwar kyamara ya ƙi buɗewa, tsufan siga ne. Lightroom 6.14 ta Disamba 2017 ita ce ta ƙarshe da ake saya a mallaka, CR3 na Canon kuwa ya zo a 2018 da EOS M50, don haka ba ta san shi ba. Adobe DNG Converter kyauta ce, tana mayar da shi DNG da tsohuwar za ta karanta. darktable ta fara karanta CR3 daga siga ta 3.8 a Disamba 2021.

Ra'ayina, Malam: ka gyara harafin faifai, ka cire kulle, ka kunna XMP, ka ci gaba da tsohon aikinka a Lightroom. darktable tana iya ɗauko taurari da kalmomin nema da alamun launi daga XMP na Lightroom, da kaɗan daga gyaran haske da yankewa, amma hoton ba zai fito yadda ka bar shi ba, domin injin sarrafa su daban ne. Idan kuɗin wata-wata ne ya ishe ka, wannan dalili ne mai ƙarfi, kuma ko ka daina biya Library da fitar da hoto suna ci gaba da aiki, Develop da Map ne ake rufewa. Tunda sunayen fayilolin rakiyarsu ba sa karo, kana iya buɗe folda ɗaya a manhajojin biyu. Ka ɗauki aikin suna guda ɗaya wanda ba a matsa maka da lokaci ba, ka gyara shi a darktable daga farko har fitarwa, ka ga ko hannunka zai saba. Kafin ka rufe rajistar Adobe kuma, ka fitar da duk ayyukan da ka kammala a JPEG mai cikakken girma, waɗanda za a iya sake bugawa kuma a TIFF mai bit 16, ka ajiye su a faifai biyu.